Waƙafin da Ya Tsallaka Teku

Ƙarfe bakwai saura, Gdańsk ba ta gama farkawa ba.
Na cire safar hannu, na ɗora shayi kan tsohuwar takarda,
na buɗe gadar da muke ginawa a cikin kwamfuta,
ƙaramar gada, ta masu tafiya a ƙasa,
wadda babu ko ƙusa ɗaya tata a duniya tukuna.

Sai ga saƙon Delbert daga Ohio,
ya rubuto shi da tsakar darensa:
Jadwiga, gada kike ginawa ko dutse?
Makarin hannu kaɗai tan dubu biyu da ɗari huɗu?

Na duba. Tan biyu na rubuta, da ɗan ɗoriya.
Biyu, waƙafi, huɗu, sifili, sifili.
Haka aka koya mini tun ina 'yar aji uku,
malama tana buga allo da zobenta.
A nan waƙafi yanka yake yi, ya ware gutsure daga cikakke.
A wurinsu tarawa yake yi,
yana kora dubbai gaba kamar garke.

Ɗan hakin da ka raina.
Wutsiyar tawada, ko ƙwayar gero ta fi shi kauri,
ya hau jirgi ba fasfo,
ya sauka can ya ninka mini ƙarfe sau dubu.

Ban gama dariya ba Przemek ya shigo, hularsa a jiƙe,
ya ce motar ƙugiya fa?
Mun ce shida ga watan uku.
Su sun karanta uku ga watan shida.
Wata uku cur sun faɗa tsakanin sanda biyu,
ba wanda ya yi ƙarya,
ba wanda ya yi kuskure ma, in za a bi gaskiya.
Kowa ya karanta da idon gidansu.

Na shiga saituna.
Ɗaki ne da ba a cika shiga ba, kamar rumbun bara.
Manhaja ta tare ni da tambayoyi, ba ko gaisuwa:
Wane yanki kike?
Da me kike raba dubbai, ɗigo, waƙafi, ko fili?
Alamar kuɗi gaba za ta tsaya ko baya?
Dala tana shiga gaba, ƙirji a buɗe.
Zulotinmu baya yake bi, sai lamba ta gama magana.

Nan hannuna ya tsaya.
Na tuna littafin mahaifiyata na shagon burodi,
mai bango kore, gari ya cika tsakanin shafukansa.
Shekarar da aka yanke wa kuɗinmu sifili huɗu
ta zauna da fensir har asuba
tana matsar da waƙafi, layi bayan layi.
Ta ce, burodin bai ragu ba, Jadzia,
sunansa ne ya gajarce.
Amma wata biyu tana ba da canji da rawar hannu.

In ka je gari ka ga kowa da jela, an ce ka nemi taka.
To wannan fayil garin wa ne?
Da rana yana nan, da dare yana can.

Na zaɓi shekara a gaba, wata a tsakiya, rana a ƙarshe,
tsarin da ba na kakan kowa ba.
Na kulle shi cikin aikin, kada ya bi halin kowace kwamfuta.
Waƙafin kuwa na bar wa Delbert ɗigonsa,
na ji kamar na ba da aron zanen uwata.

Gada ta koma nauyinta.
Przemek ya fita neman mai ƙugiya a waya.
Shayi ya huce.

A gefen takarda, da biro, inda manhaja ba ta gani,
na rubuta biyu,
na sa masa 'yar wutsiyarsa.